Ziyarar Tsibiran Foge: Wa Ya Tuna da Masu Lalurar Ƙafa?

Mutumin Mandera ta jihar Sakkwato da ke son ganin tsibirin da tsuntsayen ruwa ke taruwa ba sai ya ƙetare teku ba. In ya hau titin da ya ratsa Boɗinga da Shagari, ya bi ta Tambuwal da Jega da Koko, zai sauka a Yawuri, bakin kogin Kwara. Daga kudu da garin tafkin Kainji ya shimfiɗu, wanda ya samu bayan an kammala madatsar Kainji a 1968. A cikinsa ne tsibiran Foge suke. A 2008 aka saka su cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971. Da hunturu tsuntsaye masu ƙaura daga Turai kan sauka a irin waɗannan wurare, kuma akwai dorina a ruwan Yawuri.

To amma wa ke iya zuwa? Mai ƙafa biyu lafiyayyu zai naɗe wando, ya taka laka, ya ɗare jirgi. Wanda shan-inna ya taɓa, da dattijon da gwiwa ta gaza, da mai keken guragu, tafiyarsu a bakin gaɓa take tsayawa. Ƙafar keke tana nutsewa a rairayi, sanda tana zamewa a taɓo. Sai samari biyu su cicciɓi mutum, ɗaya ya kama hammata, ɗaya ƙafafu, su ajiye shi a cikin jirgin katako mai tangaɗi, babu majingina, babu abin riƙewa. Mace ko dattijo mai kunya sai ya gwammace ya haƙura.

Akwai dalilin da ya sa gyaran wurin hawa jirgi yake buƙatar tunani. Ruwan Kainji ba ya zama wuri ɗaya. Yana cika da ruwan damina, ya ƙaru da wanda ke gangarowa daga tsaunukan Gini watanni bayan haka, sannan ya ja baya sosai kafin wata daminar ta kankama. Matakalar siminti da ke taɓa ruwa a yau, nan da 'yan watanni tana can kan tudu. Abin da ya dace shi ne dandamali mai shawagi a kan ruwa, mai hawa da sauka tare da shi, da gangara mai sauƙin hawa mai ƙarfen riƙewa, da jirgi mai shimfiɗaɗɗen ciki wanda keke zai shiga a ɗaure shi.

Sai batun tsira da rai. Mutanen Shagari ba su manta da watan Afrilun 2022 ba, lokacin da jirgi ya kife da mutanen Gidan Magana, aka rasa rayuka 29. Idan masu lafiya sun kasa kuɓuta, ina ga wanda ba ya iya motsa ƙafa? Don haka duk mai niyyar wannan tafiya kada ya hau sai da rigar kariya daidai jikinsa. Ya tafi da safe kafin iska ta taso, ya ƙi jirgin da aka yi wa lodi, ya gaya wa matuƙi halin da yake ciki tun a tudu. Ya kuma tuntuɓi Sarkin Ruwa game da inda dorina ke kiwo da kuma yanayin tsaro, domin yankin Kainji ya sha fama da 'yan bindiga.

Doka ma tana gefen masu lalurar. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024.

Muna kira ga hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, da gwamnatocin Sakkwato da Kabi, su fara da tasha ɗaya a Yawuri da ɗaya a Shagari, su gina su yadda mai keke zai hau jirgi da kansa. Mai juna biyu da marar lafiyan da za a ƙetarar zuwa asibiti su ma za su ci moriyar wannan aiki.