Da Baffan Akbar Ne Ya Riƙe Masa Sarauta

A watan Janairun 1556, Sarki Humayun na daular Mugal ta Indiya ya faɗo daga matakalar ɗakin karatunsa a Delhi, bayan 'yan kwanaki ya cika. Wata shida kacal ke nan da ya ƙwato birnin, bayan shekara 15 rabonsa da shi. Ɗansa Akbar yana da shekara 13, yana can Punjab tare da rundunar yaƙi. Manyan fada suka ɓoye rasuwar na wasu kwanaki, aka naɗa yaron a garin Kalanaur ranar 14 ga Fabrairu. Sarauta tasa ce, amma iko yana hannun Bairam Khan, tsohon barden mahaifinsa, wanda ya zama wakilin daula mai riƙon ƙwarya. Akbar kan kira shi Khan Baba.

Gidan Mugal ba shi da dokar da ta ce lalle ɗan fari ne zai gada. Sun taho da al'adar kakansu Timur, wadda ta ba kowane namiji mai jinin sarauta damar neman gado. Shi ya sa na daɗe ina ganin cewa abin da ya tsare ran Akbar a 1556 shi ne rashin baffa a kusa da shi.

Humayun yana da 'yan uba uku: Kamran, da Askari, da Hindal. Hindal ya mutu a yaƙi a 1551. Askari an kore shi zuwa Makka. Kamran kuwa, wanda ya yi shekaru yana jan daga da ɗan uwansa a kan Kabul, an kama shi a 1553, aka makantar da shi, shi ma ya tafi Makka. Marubutan fadar Mugal sun ruwaito cewa lokacin da Humayun ya kewaye Kabul, Kamran ya sa an ɗora Akbar, yana ƙaramin yaro, a kan ganuwa inda ake harbo igwa. To, a ƙaddara Humayun ya yafe wa Kamran kamar yadda ya sha yi a baya, ya bar shi da idanunsa. Ranar da sarki ya faɗo daga matakala, wa zai hana baffa cewa shi ne ya fi cancantar riƙe wa ɗan wansa? Baffa mai riƙo ɗan sarki ne shi ma, yana da 'ya'ya, kuma ba a buƙatar abu mai yawa kafin a karanta huɗubar Juma'a da sunansa. Ba na jin yaron zai kai shekara 18 a raye.

Bairam Khan ba shi da wannan damar. Baturkumane ne, babu jinin Timur a jikinsa, don haka duk ikonsa ya rataya ne a kan rayuwar yaron. Kuma ya yi aikin. Lokacin da Hemu, shugaban dakarun gidan Sur mai hamayya da Mugal, ya kama Delhi, wasu sun ba da shawarar a koma Kabul. Bairam ya ƙi. Aka gwabza a Panipat ranar 5 ga Nuwamba 1556, kibiya ta sami Hemu a ido, rundunarsa ta watse. Sai dai tun kafin yaƙin Bairam ya sa an kashe Tardi Beg, gwamnan da ya gudu ya bar Delhi, ba tare da jiran izinin sarki ba. Manyan fada ba su manta da wannan ba.

Matsalar riƙon ƙwarya a nan ita ce ba a yanka masa wa'adi ba. Yaro ya girma, mai riƙo bai ga haka ba. A cikin gida kuma akwai Maham Anga, uwar goyon Akbar, da ɗanta Adham Khan, suna ta zuga. A 1560 Akbar ya bar Agra da sunan farauta, ya nufi Delhi, daga can ya aika wa Bairam cewa ya sauka ya tafi aikin Hajji. Abin da ya fi jan hankalina shi ne Akbar ya tafi da Abul Kasim, ɗan Kamran, don kada Bairam ya samu wani mai jinin sarauta ya naɗa. Saurayin ya san ainihin inda haɗarin yake.

Bairam ya yi tawaye na ɗan lokaci, aka ci shi da yaƙi, Akbar ya yafe masa. Bai isa Makka ba. A Janairun 1561 wani Ba'afgane mai ramuwar jinin mahaifinsa ya kashe shi a Patan ta Gujarat. Ina ganin bai cancanci irin wannan ƙarshe ba, domin shi ne ya tsayar da daular a shekarar da ta kusa rushewa. Akbar ya ɗauki ɗan Bairam, Abdur Rahim, mai shekara huɗu, ya rene shi a fada, daga baya ya ba shi sarautar mahaifinsa ta Khan-i-Khanan.

Waɗanda suka ture Bairam ba su daɗe ba. A 1562 Adham Khan ya kashe waziri Ataga Khan a cikin fadar Agra, Akbar ya sa aka jefo shi daga bene har ya mutu, Maham Anga kuma ta rasu ba da jimawa ba. Daga nan Akbar ya yi mulki da hannunsa har zuwa 1605.