Ba kullum batir ne mai laifi ba

Da zarar hunturu ya kankama a Zariya, da sassafe za ka ga ana tura motoci daga Babban Dodo har Ƙofar Doka, kuma zancen direbobi ɗaya ne: batiran zamanin nan duk jabu ne. Akwai jabu a kasuwa, babu musu. Amma wanda batir ke mutuwa a hannunsa ɗaya bayan ɗaya, ya kamata ya ƙyale ɗan kasuwa ya buɗe gaban motarsa.

Da yawa daga cikin waɗannan motoci sun girmi masu tuƙa su. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 kuma ya ci gaba da harhaɗa ta har bayan shekarar 2000. Injin yana nan da ƙarfinsa, wayoyin ne suka gaji: roba ta bushe, tsatsa ta ci mahaɗai, kowane mai wayarin da motar ta ratsa hannunsa ya bar nasa ƙulli. Aikin batir tayar da mota ne; da inji ya kama, altaneta ce ke ciyar da fitilu ta mayar wa batir abin da ya kashe. In ba ta mayarwa, sabon batir ma kwanansa ƙirgagge ne, sanyi kawai yake tona asiri.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne gwajin da aka saba yi a gareji: a cire kan batir inji na aiki, wai in motar ba ta mutu ba to caji lafiya. Wannan gwaji ƙarya yake yi, kuma yana ɓarna. Altaneta mai rauni tana iya riƙe inji ba tare da ta iya cika batir ba. Sannan batir ne ke shanye hauhawar wuta. Da an zare shi, wutar na iya tsalle ta ninka, ta ƙone rigiletan da ke daidaita caji ko sauran kayan lantarkin motar. Sau da yawa mai gwajin ne yake haifar da cutar da ya zo nema.

Ga kuma jar fitilar nan mai hoton batir da ke gaban direba, wadda mutane ke ɗauka ado ce. A yawancin tsofaffin motocin da ke da ita, irin su Volkswagen ƙirar ƙwaro da Golf, ta cikin wannan ƙwan ne 'yar wutar farko ke bi ta shiga altaneta ta tayar da maganaɗisunta. Manoman rani na bakin kogin Galma sun san wannan: injin ban ruwa ba ya jan ruwa sai an fara zuba masa kaɗan, ko da kogi ya cika ya batse. To in ƙwan ya ƙone, ko an cire shi don yana damun ido, ko an musanya shi da LED da ba ta wucar da isasshiyar wuta, altaneta lafiyayya za ta yi ta juyawa a banza, ko ta ƙi caji sai an taka totur sosai. In ka murɗa makulli fitilar ba ta kama ba, matsala ce, ba sa'a ba.

Tsofaffin 504 suna da nasu tarko. Waɗanda aka fara ƙerawa, rigiletansu a waje yake, cikin ɗan akwati a jikin mota. In aka sa altaneta 'yar Beljiyam mai rigileta a ciki aka bar tsohon haɗi yadda yake, rikici ne.

Gwajin gaskiya na mita ne, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na batir ba. Cikakken batir a kashe yana nuna kusan volt 12.6. Inji na aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da 13, caji ba ya shiga; ya haura 15, ana dafa batir ne, shi ya sa ruwansa ke ƙafewa yana wari. Kafin a kwance komai, a danna fanbel da yatsa a ga ko ya saki, a kankare kan batir, a kuma duba wayar da ta haɗa batir da jikin mota da inji, don ƙura da tsatsa a nan suka fi ɓoyewa.

Abin mamaki, garin nan ne ke da Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli da cibiyar fasahar sufuri ta NITT, amma yaron gareji a Tudun Wada har yanzu da tartsatsi yake gwada wuta. Ɗan gajeren horo ga masu wayarin ba zai gagari waɗannan cibiyoyi da ƙungiyoyin kanikawa ba, in da niyya.

Kafin nan, mai mota ya kare kansa. In ka ga an kai sifana kan batir inji na aiki, ka ce: "Malam, dakata, ɗauko mita." In ya ce ba shi da ita, ka nemi wani garejin.