Injin Ba Ya Shan Ruwa

A duk inda manyan motoci ke yada zango, Tafa ne ko Mararrabar Jos ko bakin kasuwar Dawanau, da sassafe za ka ga yaron mota ya kinkimo jarka yana ɗura wa lagireto ruwa. Jiya ya ɗura, yau ya ɗura, gobe ma haka. In ka ce wa direban, "Maigida, lafiya kuwa motar nan?" sai ya leƙa ƙarƙashinta, ya nuna maka ƙasa a bushe, ya ce, "Ai haka take, tana ɗan shan ruwa."

Wannan magana ta cinye injuna da yawa, kuma ba gaskiya ba ce. Injin yana shan man gas, yana iya ƙona baƙin mai kaɗan idan ya tsufa, amma ba a ƙera shi don ya sha ruwa ba. Ruwan da ke zagaye tsakanin lagireto da injin a rufe yake ruf, kimanin lita 30 zuwa 50 a yawancin tireloli, kuma lafiyayyar mota tana yin watanni ba a ƙara mata komai ba. Idan ya ragu, ƙofa uku kawai yake da su: ko ya yoyo waje, ko ya shiga cikin injin, ko ya fita ta murfi. Ruwa ba ya tsami banza.

Busasshiyar ƙasa kuwa ba shaida ba ce. Ƙaramin tsagu a jikin tiyo ko a gindin lagireto sau da yawa ba ya buɗewa sai injin ya yi zafi, ruwan ya matsu. A lokacin kuma mota tana gudu, ɗigon yana sauka kan ƙarfe mai zafi ya ƙafe nan take, fanka ta kwashe tururin. Abin da yake bari shi ne alama: farin busasshen gishiri, ko jan tsatsa, ko launin kulan a bakin kilif, a haɗin tankin lagireto, ko a ƙarƙashin famfon ruwa. Famfon yana da ɗan rami da aka yi masa da gangan, don idan robar cikinsa ta fara mutuwa ruwa ya ɗigo ta nan ya tona asiri. Akwai kuma yoyon da ke yin akasin haka, wanda sai dare ya yi sanyi, roba ta motse, kilif ya saki, ya ɗiga kaɗan ya bushe kafin gari ya waye. Motocin da aka shigo da su daga Turai suna da wani ƙaramin lagireto na ɗumama ɗakin direba. Mu a nan ba mu cika kunna shi ba, har a manta da shi, amma ruwa yana kaiwa gare shi. In ya huje, sai ka tarar shimfiɗar ƙafa a jiƙe.

Abin da aka fi rainawa shi ne murfi, kuma a ganina shi ya kamata a fara zarga. Mutane suna ɗaukarsa marufi ne kawai, har ka ga an ɗaure bakin tanki da leda da tsumma. Alhali murfin nan bawul ne mai sifirin. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku. Murfi mai kyau yana riƙe matsin da ya kai kusan bar ɗaya, wanda ke ɗaga tafasar zuwa wajen digiri 120. Idan sifirin ɗin ya gaji ko robar ta tsage, wannan ratar ta tafi. A kan tudun Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ruwan da ba a matse ba yana tafasa tun a wajen digiri 96. Ka ɗauki tirela da cikakken lodi tana jan Hawan Kibo da giya mai ƙarfi a watan Afrilu: ruwan zai tafasa a kan injin, ya yi tururi, ya fice ta tiyon ambaliya a kan hanya, babu wanda ya gani. Direba ya isa gari ya tarar da giɓin lita biyu ko uku, a ce masa gasket ne. Kuɗin murfi bai kai na abincin rana biyu ba a kan hanya.

Shi ma yaron mota wani lokaci shi ke ƙirƙiro matsalar ba da niyya ba. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi, kusan kashi 4 cikin 100, wato fiye da lita guda a babbar mota. Shi ya sa ƙaramin tankin sama yake da layi biyu. In aka cika shi har baki, injin zai tofar da rarar, da safe a ga ya sauka, a sake cikawa. Gwajin mai sauƙi ne: a bar shi a kan layi, a auna kullum da safe injin yana sanye. Idan ya tsaya a wuri ɗaya, babu abin da ya ɓata.

Sai maganar da ta fi tsada: "Tunda ba a ga yoyo ba, gasket ne, a buɗe injin." A nan akwai gaskiya rabi. Gasket ɗin da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa yana ƙonewa, kuma in ya ƙone ruwa yana ɓata. Amma a babbar motar gas ba shi kaɗai ke da hanyar shiga ciki ba. Akwai na'urar sanyaya baƙin mai, inda mai da ruwa ke tafiya gefe da gefe, siririn bango ya raba su. In ta huje, mai yana kutsawa cikin ruwa lokacin da injin ke aiki, ruwa kuma ya koma cikin mai bayan an kashe. Akwai kwamfaresar iskar birki, wadda kanta ma ruwan injin ke sanyaya shi. Nata ƙaramin gasket ɗin yana iya hura iska cikin lagireto, ya yi kumfa iri ɗaya sak da ta babban gasket. Akwai robobin gindin silif, da kofunan da nozul ke zama a ciki a wasu injuna. Wasu motocin baya-bayan nan, kamar wasu samfuran MAN da Scania, suna da na'urar da ke sanyaya hayaƙi kafin ta mayar da shi cikin injin, kuma ita ma tana tsagewa ta zuba ruwa a hanyar hayaƙin. Na sha ganin an sauke kan injin, an kai shi an goge, an sa sabon gasket, mota ta yi sati a gareji, ta fito tana ci gaba da zubar da ruwanta, domin ciwon yana can a kwamfaresa.

Farin hayaƙi ma ana yi masa gaggawar hukunci. Da asuba a lokacin hunturu, tururi daga salansa abu ne na kullum, yana ɗaukewa da injin ya ɗumama. Farin hayaƙin da ke sa ido yaji kuwa, man gas ne da bai ƙone ba, maganarsa tana wajen nozul. Na ruwa shi ne wanda ba ya ɗaukewa ko an yi tafiya mai nisa, ba ya yaji, kuma in akwai kulan a ciki yana da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Abin da ba a wasa da shi shi ne baƙin mai da ya koma launin shayi mai madara, ko ya hau sama da layinsa ba wanda ya ƙara. Motar da ta nuna haka a kashe ta inda take, domin mai gauraye da ruwa ba ya kare metal.

Game da tamostat, na san zan saɓa da makanikai da yawa da nake girmamawa. Ana cewa na ƙasar sanyi ne, a cire shi mota ta huta. Cire shi ba ya toshe ko da rami guda. Aikinsa shi ne ya riƙe injin a zafin da aka ƙera shi a kai, wajen digiri 80 da ɗoriya, kuma a injuna da yawa shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma injin ba tare da ya ratsa lagireto ba. In babu shi, wani ɓangare na ruwan zafi sai ya riƙa kewaye lagireton. Idan tamostat ɗin ya maƙale, sabo ake sawa. Sau da yawa ma zafin da ake ɗora masa daga ƙura da ƙaiƙayi ne da suka toshe fuskar lagireto, ko fanbel da ya saki.

Haka maganar cewa kulan na Turawa ne, don kada ruwa ya daskare. Hana daskarewa ɗaya ne daga aikinsa. Wanda ya shafe mu shi ne maganin tsatsa da ke cikinsa. Silif ɗin babban injin yana jiƙe a ruwa ta baya, kuma duk bugun fistan yana girgiza shi, ƙananan kumfa su taso su fashe a jikinsa, suna ƙwaƙular ƙarfen kamar gara, har wata rana su huda shi. Sinadarin kulan yana yi wa ƙarfen riga. Ruwan rijiya da na burtsatse ba su da wannan, ga kuma gishirin da suke bari yana toshe siraran bututun lagireto. Sai dai kulan guba ne kuma yana da zaƙi, kada a zubar da shi inda yara ko awaki za su kai baki.

Ɗanyen ƙwai da garin barkono da ake zubawa suna iya toshe ƙaramin rami na ɗan lokaci, ba ƙarya ba ne. Amma ba su san rami daga bututu ba, duka suke toshewa.

Akwai inda tsofaffin direbobi suka yi daidai ɗari bisa ɗari. Ba a buɗe murfi injin yana tafasa, ruwan yana iya sale fuska. Ba a kwara ruwan sanyi a injin da ya yi zafi fiye da kima, kan injin yana iya tsagewa. Kuma allurar geji ba abin dogaro ba ce idan ruwa ya yi ƙasa sosai, domin na'urar da ke aunawa tana buƙatar ta nutse a ruwa kafin ta faɗi gaskiya.

Kafin a kwance ƙusa ko ɗaya, a nemi makanikin da ke da famfon gwaji. Ana ɗaura shi a bakin tanki injin yana sanye, a hura iska daidai matsin da aka rubuta a kan murfi, a zuba wa allura ido na minti 15 ko 20. In ta sauka, a bi tiyo-tiyo da tocila. Da wannan famfon ake gwada murfin ma. In allura ta sauka amma waje a bushe, a kwance ƙusar baƙin mai kaɗan bayan mota ta kwana, domin ruwa ya fi mai nauyi, shi zai fara ɗigowa. A tsiyaye tankunan iskar birki a ga abin da zai fito. Akwai kuma wani shuɗin ruwan gwaji da ake riƙewa a bakin tanki, wanda ke sauya launi idan hayaƙin injin yana shiga ruwa. Idan kuma da safe aka murza makulli injin ya juya kaɗan ya cije, kada a sake murzawa, kada kuma a ce a tura ta: wataƙila ruwa ne ya kwana a kan fistan, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sandar fistan ce za ta lanƙwashe.