Ma'auratan da suka lulluɓe majalisar Jamus da ƙyalle

Yau Berlin za mu leƙa.

A shekarar 1995 wasu ma'aurata masu fasaha, Christo ɗan asalin Bulgeriya da matarsa Jeanne-Claude, suka lulluɓe ginin Reichstag ruf da ƙyalle mai sheƙi kamar azurfa, murabba'in mita 100,000. Wannan fa ginin majalisa ne, wanda aka ƙone a 1933, farkon mulkin Hitler. Kun san shekara nawa suka yi kafin aikin ya tabbata? 24! Sau uku ana ce musu a'a. Sai a 1994 'yan majalisa suka kaɗa ƙuri'a, 292 suka yarda, 223 suka ƙi.

Bayan duk wannan wahalar, kwana 14 kacal abin ya yi aka kwance shi.

Na san wani zai ce, kai, wannan ai almubazzaranci ne. Ni ma abin da na fara cewa ke nan. Amma ku tsaya ku ji. Ba su karɓi ko sisi daga gwamnati ko wani kamfani ba. Zane-zanen da Christo ya yi na aikin suka riƙa sayarwa suna biyan komai. Kallo kuma kyauta ne. Babu attajirin da zai saye shi ya kai falonsa, don ba abin da ya rage da za a saya.

A ganina gajartar kwanakin ce ta tara jama'a. Ginin yana nan shekara ɗari, mutanen gari suna wuce shi ba sa ko ɗaga kai. Da aka ce mako biyu ne kawai, sai ga mutum kimanin miliyan 5. Kamar lallen amarya ne: kowa ya san zai goge, shi ya sa ake rububin gani tun yana sabo.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na Faransa. Tun farkon shekarun 1960 Christo ke mafarkin naɗe Arc de Triomphe, babbar ƙofar tarihin nan ta birnin Paris. Jeanne-Claude ta rasu a 2009, shi kuma a 2020. A Satumban 2021 abokan aikinsa suka cika masa burin, aka naɗe ta na kwana 16. Cikin su biyun ba wanda ya gani.