Ƙanƙara da Itatuwan Tsakar Gida

 Yau hirarmu a kan ƙanƙara ce, da ɓarnar da take yi wa itatuwan da muke ci muke sha da su a cikin gida.

A ƙasashen Turawa da hunturu abin yake zuwa. Ruwa ne zai sauko ya daskare a jikin reshe, ya yi ta kauri har nauyi ya karya shi. A watan Janairun 1998 an yi irin wannan a Kanada, miliyoyin itatuwa suka lalace, mutane suka yi makonni babu wutar lantarki. To mu tamu ba haka take ba. Hunturunmu bushewa ce da ƙura. Ƙanƙararmu sai da zafi take zuwa, a farkon damina, wajen Afrilu zuwa Yuni. Iska mai zafi ce take ɗaga ɗigon ruwa can ƙololuwar hadari inda ake tsananin sanyi, ya daskare, ya faɗo kamar tsakuwa. Kuma ba ta zuwa ita kaɗai, sai da guguwa.

Abin lura shi ne, ba kowace bishiya take jin jiki iri ɗaya ba. Waɗanda mu mata muka fi dogara da su, su ne suka fi rauni.

Ɗauki gwanda. Jikinta ruwa ne, cikinta rami, ganyenta fankameme. Ƙanƙara za ta yayyaga ganyen, ta ƙuje 'ya'yan, ki ga farin ƙaro yana tsiyaya. Wurin nan da ta ƙuje, ta nan ruɓa take shiga. Saboda haka kada ki zauna jiran wadda ta ji ciwo sosai ta nuna. Ki cire ta, ki fere, ki dafa ɗanyarta a miya. Idan kuwa kan ya karye, a yanke shi daidai a kife gwangwani a kai don kada ruwa ya taru a ramin. Sau da yawa takan yi toho ta gefe.

Zogale shi ma saurin karyewa gare shi, amma fa shi ba ya fushi. Yau ya karye, kafin wata guda ya sake fitar da sabon ganye, ya ma fi na da yawa. Reshen da ya faɗo kada ki jefa a murhu, yaya. Ki sare shi kamar kamu biyu, ki kafa a jikin danga, zai kama. Ni dai a ganina, mai barin zogale ya yi tsawo ya wuce katanga ita ta jawo wa kanta, don ko ba iska ma hannunta ba ya kaiwa.

Mangwaro yana da ƙarfi, sai dai lokacin ne ba ya yi masa daɗi, domin hadarin farko yakan tarar da sauran 'ya'ya a kansa. Ɗorawa ma haka, kalwar daddawarmu ce iska take kakkaɓewa. Tsamiya kuwa ko a jikinta, rassanta suna lanƙwasa ba sa karyewa da wuri. Giginya da dabino ba su da rassan da za su tsage. Gawo ya fi kowa wayo: da damina yake zubar da ganye, sai iska ta ratsa shi ta wuce.

Inda nake so mu buɗe kunne shi ne darbejiya da turare, waɗanda muke shukawa don inuwa. Suna saurin girma, su yi rassa masu nauyi a kan rufin kwano. Ki duba inda manyan rassa biyu suka rabu a matse, ko inda gara ta ci, ko reshen da ya bushe tun hunturu. Nan ne yake ɓallewa. Ke kike wuni a gida, ke kika san reshen da yake ƙara in iska ta kaɗa. Ki nuna wa maigida tun cikin Maris, a kira mai sara ya rage. A yi yankan da kaifi, kada a ɓantare ɓawo, kuma a daina shafa baƙin man inji a wurin, ƙona itacen yake yi.

Sai yara. Da sun ji ƙwas-ƙwas a kan kwano sai su ruga waje tsintar ƙanƙara su tsotsa, wasu su nufi gindin mangwaro tsintar wanda ya faɗo. Ki tsare su a ɗaki sai hadari ya wuce gaba ɗaya, domin gindin bishiya wurin faɗowar reshe ne da aradu. Akuyar da kika ɗaure a can ma a kwance ta da zarar gabas ta yi baƙi. In reshe ya faɗo da wayar lantarki, kada kowa ya taɓa ko da an ɗauke wuta, a aika a gaya wa ma'aikatan wuta.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.