Zafin Bazara: Wa Ke Tare da Tsofaffi da Rana?

Daga Maris zuwa Mayu, kafin saukar damina, tsofaffi sun fi kowa shiga haɗari. Ranar 3 ga Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako kuma ya ƙirga mutum 102 da suka rasu a kwana huɗun farko na watan, da yawansu sun haura shekara 60.

Jikin tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa, ba ya gumi sosai. Wasu magungunan hawan jini kuma suna sa yawan fitsari, sai ruwan jiki ya ƙare ba a ankara ba. Da an ga ruɗewa, jiri ko ƙarancin fitsari, a garzaya asibiti.

Abin damuwar shi ne zafin yana tsananta ne daidai lokacin da gida ya watse, yara na makaranta, manya na kasuwa. A Japan akwai cibiyoyin da tsofaffi ke wuni ana kula da su. Mu nan, ko maƙwabciya ce a roƙa ta riƙa leƙawa, ta ba Kaka ruwa ko ba ta nema ba, ta fito da ita daga ɗakin kwano zuwa inuwa. Don Allah kada a bar tsoho shi kaɗai da tsakar rana.