Nana Asma'u: Malamar da Ta Mayar da Waƙa Makaranta

Da wuya a sami garin da babu makaranta ko ɗiya mai sunan Nana Asma'u a ƙasar Hausa. Amma da za a tare mutum goma a kasuwar Dutsi ko ta Daura a tambaye su wane aiki ta yi, galibi amsar ba za ta wuce cewa 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce ba. Gaskiya ne 'yarsa ce, sai dai ba gadon suna ya ɗaukaka ta ba. Aiki uku ta riƙe: ta rubuta waƙa, ta tattara rubutun magabata, ta kuma koyar.

An haife ta a Ɗegel a 1793, tagwaye ita da Hassan. Tana 'yar kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka da idonta ta ga yunwa da yaƙi da ƙaura. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato a zamanin yayanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma kowane da inda ta nufa da shi: Larabci don malamai, Fulatanci don jama'ar gida, Hausa don talakawan birni da ƙauye.

Waƙoƙinta ba na nishaɗi ba ne, darussa ne. A cikin Sunago ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 a baiti talatin, yadda matar da ba ta iya karatu ba za ta haddace su tana daka ko kaɗi. Waƙar Gewaye ta ba da tarihin Shehu da jihadinsa daki-daki. A Tawassuli ga Mata Masu Albarka kuwa ta faro daga matan Annabi (SAW), ta biyo ta kan waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, har ta iso ga malamai mata na zamaninta, don mace ta san tana da magabata a fagen ilimi. Ta kuma yi marsiyyoyi da dama, ciki har da ta Bello.

Aiki na biyu shi ne wanda ba a cika ambato ba. A wancan zamani takarda sai an ƙetaro da ita Sahara, littafi kuma warƙoƙi ne a sake cikin gafaka, da hannu ake kwafe shi. Gara ko ruwan sama ko gobara kan iya cinye aikin shekara ashirin a dare ɗaya. Bayan rasuwar Shehu a 1817, da ta Bello a 1837, Asma'u da mijinta suka duƙufa wajen tattara abin da aka bari da rubuta tarihin mutanen biyu. Ba ta tsaya ga adanawa ba. Ta juya waƙar mahaifinta ta Fulatanci zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, waƙar da har yau ake rerawa. Ƙanenta Isa, wanda aka fi sani da Isan Kware, shi ma ya mayar da wasu waƙoƙinta Hausa.

Na uku shi ne tsarin koyarwa na 'Yan Taru. Da ta ga matan aure na ƙauyuka ba za su iya barin ɗakunansu su zo karatu ba, sai ta zaɓi dattijai masu amana ta naɗa su a matsayin jaji, wato jagora, ta ba kowace malfa da jan rawani. Jaji kan taho Sakkwato da tsofaffi da 'yan mata, su ɗauki karatu a waƙe, su koma su sauke shi a tsakar gidaje. Kyautar da suka kawo ta hatsi da zuma da man shanu, sai ta raba wa mabukata. Bayan rasuwarta a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon wannan tsari.

Da yake ta adana na wasu, Allah ya kawo masu adana nata. Waziri Junaidu, wanda jininta ne, ya riƙe takardunta, ya kuma buɗe wa Jean Boyd, wata Baturiyar Ingila, ƙofar nazarinsu. A 1997 ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukan Asma'u a Amurka, kusan guda sittin.

Abin da aka rubuta aka killace shi ne ya iso gare mu, saura kuwa ya bi iska. A gidajen malamai na Dutsi da Daura da Katsina, duk mai tsohuwar gafakar kakanni ya buɗe ta ya duba, ya ɗauki hoton warƙoƙin, ya nemi shawarar masu adana irin na Gidan Arewa da ke Kaduna. Mai iya waƙa ya koya wa na baya, iyaye kuma su bar 'ya'ya mata su yi karatu mai zurfi.